Toskana, Luberon ko Cotswolds: Ina Za Ka Kai Kekenka Yawon Tuddai da Tsofaffin Ƙauyuka?

Wani ƙanena da ke karatu a Turai ya tara ɗan kuɗi, ya kuma samu hutun mako guda. Ya ce ba ya son yawon birni, keke yake so ya hau ya bi ƙananan hanyoyin karkara inda mota ba ta da yawa, ya ratsa tuddai da ƙauyukan da suka ga jiya suka ga yau. Wurare uku suka tsaya masa a rai: Toskana a tsakiyar Italiya, Luberon a kudancin Faransa, da Cotswolds a Ingila. Ya turo mini hotunan ukun wai in taya shi zaɓe. Duk sun yi kyau, kuma nan gizo ke saƙar, don hoto ba ya nuna tsinin hayi, ba ya nuna iska, ba ya nuna ramin da ke laɓe bayan kwana. Abin da na rubuta masa shi na faɗaɗa a nan, ko zai amfani wani mai irin wannan ruɗani.

Abin da za a auna su da shi

Kafin komai akwai takarda. Italiya da Faransa duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta wadatar, kuɗinta Yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma sai an nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ingila tata bizar daban ce. Mai fasfon Najeriya ko Nijar da ke zaune a Jamus ko Faransa, bizarsa ba ta shigar da shi Ingila, haka wanda ke Landan sai ya nemi ta Shengen kafin ya tsallaka. Sau da yawa wannan kaɗai ya raba gardama.

Sai siffar hayi. Masu keke suna auna tsinin hawa da kaso cikin ɗari: in aka ce kashi 10, ana nufin a kowace mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama mita 10. Kashi 4 ko 5 mutum yana hawa yana hira. Kashi 8 hira ta yanke. Daga 15 zuwa sama, wanda bai saba ba sai ya sauka ya tura. Mu da muka koyi keke a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maraɗi muna yawan raina wannan lissafi, sai ƙafa ta gaya mana gaskiya. Kilomita 60 a tudu ba ta da haɗi da kilomita 60 a shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano zuwa Wudil.

Bayan nan akwai lafiyar hanya da irin cin da take yi wa keke, wato taya, sarƙa da birki. Akwai kuɗin masauki, abinci, haya da jirgin ƙasa. Akwai haɗari, na mota da na yanayi da na dabba. Na ƙara da wani abu da littattafan yawon Turawa ba sa damuwa da shi amma mu ya dame mu: me za ka ci da kwanciyar rai, kuma ina za ka yi Juma'a.

Toskana

Yankin da masu keke ke nufi kashi biyu ne. Akwai Chianti, tuddai masu daji da gonakin inabi da zaitun tsakanin Florence da Siena, inda ƙauyukan Greve, Panzano, Radda, Castellina da Gaiole suke. Sai kudu da Siena, inda ƙasa ta buɗe ta zama tuddan yumɓu marasa itace da ake kira Crete Senesi, daga nan a gangara kwarin Val d'Orcia, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004.

Abin da ya kamata mai keke ya fahimta shi ne dalilin da ya sa garuruwan nan suke bisa tsauni. Florence da Siena sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yaƙar juna har Siena ta faɗi a 1555, don haka kowa ya gina gidansa inda zai hango abokin gaba tun daga nesa. Monteriggioni, wanda mutanen Siena suka gina a farkon ƙarni na 13, har yau yana zagaye da ganuwarsa mai hasumiya 14. San Gimignano ya taɓa samun hasumiyoyi sama da 70 da attajirai suka gina don gasa da tsaro, saura 14 a tsaye. Pienza kuwa ƙauye ne da ake kira Corsignano, Fafaroma Pius na Biyu da aka haifa a can ya sa aka sake gina shi daga 1459. Ga mai mota duk wannan tarihi ne mai daɗi. Ga mai keke ma'anarsa ita ce kusan kowane wurin shan ruwa da masauki yana ƙarshen hayi. Daga Buonconvento zuwa Montalcino sai ka ɗaga sama da mita 400, kuma galibi da yamma ne, lokacin da ƙafa ta riga ta mutu.

Hawan Toskana matsakaici ne a tsini amma yana da tsawo, kilomita uku, biyar, wani lokaci takwas, kuma fili kusan babu. Ko kana hawa ko kana gangara. Wanda ya iya rage giyar keke ya bi a hankali zai ji daɗinsa fiye da mai gaggawa.

Sai maganar fararen hanyoyin burji, waɗanda mutanen wurin ke kira *strade bianche*. Tsakuwar farar ƙasa ce aka daddaɓe, ba kwalta, kuma su ne hanyoyin da suka fi ko'ina shiru. A 1997 wani mai suna Giancarlo Brocci ya fara taron hawan keke na L'Eroica a Gaiole da mutum 92, da nufin kada a malale hanyoyin da kwalta, kuma har yau ana yinsa farkon Oktoba a kan tsofaffin kekunan ƙarfe na kafin 1987. Hanyar taron mai kilomita 209 tana da alamu na dindindin, kowa na iya binta kowane lokaci, a raba ta kwana uku ko huɗu in an so. Daga wannan taro aka haifi tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007, wanda ke ƙarewa a dandalin Piazza del Campo na Siena. In ka kalli tseren a talabijin sai ka ɗauka burjin lafiyayye ne. Wani wurin haka ne, sumul kamar daɓe. Wani wurin kuma gargada ce da tsakuwa mai santsi a gangara mai tsini, musamman sashen Monte Sante Marie kusa da Asciano. Da siririyar taya mai milimita 25 wahala za ka sha. Milimita 30 ko 32 ita ce daidai, kuma a rage mata iska kaɗan. Farar ƙurar nan tana shiga sarƙa tana cinta kamar yashi, sai ka riƙa gogewa kana sa mai kowace yamma. Ana iya kauce wa burjin gaba ɗaya a bi kwalta, amma sai ka haɗa hanya da motoci, kuma titin SR222 da ya ratsa Chianti yana cika da masu yawon buɗe ido da 'yan babur ranakun Asabar da Lahadi.

Wajen kuɗi Toskana tana da fuska biyu. Masauki a cikin Pienza, Montalcino ko San Gimignano yana da tsada. Gidajen gona masu karɓar baƙi, waɗanda ake kira *agriturismo*, da garuruwan kwari irin su Buonconvento, Asciano da Poggibonsi sun fi sauƙi, kuma ukun nan duk jirgin ƙasa yana tsayawa a cikinsu. Ƙananan jiragen yanki suna da araha, suna ɗaukar keke da ɗan ƙarin tikiti, abin da ke ceton mutum ranar da ƙafa ta ƙi. Kofi a tsaye a kanti bai wuce Yuro ɗaya da 'yan canji ba, ruwan sha kuma akwai famfunan jama'a a yawancin ƙauyuka.

Haɗarinta guda uku ne a ganina. Zafin Yuli da Agusta, wanda a tuddan Crete babu inuwar da za ka fake masa. Direbobin da ke matse mai keke a kwana, ga shi yanki ne na giyar inabi inda baƙi ke yawon ɗanɗanawa da rana sannan su koma mota. Na ukun shi ne fararen karnukan makiyaya masu gadin tumaki. Manya ne, kuma aikinsu suke yi. In suka taso, kada ka ce za ka tsere musu a hayi. Sauka, ka sa keken tsakaninka da su, ka wuce a hankali.

Abinci sai an yi taka-tsantsan, don naman alade na gida da na daji ya shiga kusan komai, har kitsensa wani lokaci ana sa wa burodi ko miya. Kalmar da za ka riƙe ita ce *senza maiale*, wato ban da alade. Duk da haka akwai abin ci: taliyar *pici* da tumatir da tafarnuwa, miyar burodi da tumatir, wake da man zaitun, da cukun tumaki na Pienza. Akwai masallaci a Colle di Val d'Elsa da aka buɗe a 2013, bai da nisa da San Gimignano da Monteriggioni.

Luberon

Luberon dogon tsauni ne a yankin Provence, gabas da Avignon, an mai da shi da kewayensa gandun kiyaye muhalli a 1977. A arewacinsa akwai kwarin kogin Calavon, kuma a gefen kwarin nan ƙauyuka suke maƙale a jikin duwatsu: Gordes, Bonnieux, Lacoste, Ménerbes, Oppède-le-Vieux, Saignon, da Roussillon wanda gidajensa ja ne da ruwan goro saboda jar ƙasar da aka daɗe ana haƙa a can ana yin fenti.

Abin da ya bambanta shi da sauran biyun, kuma shi ya sa nake fifita shi ga sabon shiga, shi ne a nan kai ke zaɓar yawan wahalarka. A tsakiyar kwarin akwai hanyar keke da aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo, tana bi ta garin Apt, kusan fili ce kuma mota ba ta shiga yawancinta. Tana wucewa ta kan Pont Julien, gadar da Rumawa suka gina kimanin shekara uku kafin haihuwar Annabi Isa, wadda motoci suka ci gaba da bi ta kanta har 2005. Daga wannan hanya sai ka karkata ka hau ƙauyen da ka ga dama, kilomita uku zuwa biyar na hawa mai sauƙin kai, ka huta, ka gangaro. In ka gaji ka koma fili. Miji da mata ko abokai da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba suna iya rabuwa da safe su haɗu a Apt da azahar ba wanda ya cuci wani. Mai son zagaye kuma akwai hanya mai alamu ta kilomita 236 da ta kewaye tsaunin ta Cavaillon, Apt, Forcalquier, Manosque da Lourmarin, ƙauyen da aka binne marubuci Albert Camus a 1960.

Mai neman gwada ƙwanji bai rasa ba. Dutsen Ventoux mai tsayin mita 1,910 yana arewa kaɗan. Daga Bédoin hawan kilomita 21 ne da 'yan kai, ana ɗaga kusan mita 1,600, kuma a nan ne ɗan tseren Birtaniya Tom Simpson ya faɗi ya rasu ranar 13 ga Yulin 1967 a gasar Tour de France, cikin tsananin zafi. Ta ɓangaren Sault ya fi tsawo amma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ni da za a tambaye ni, hanyar kwazazzabon Nesque ta fi Ventoux ɗin daɗin hawa: tana hawa sannu sannu ta gefen dutse, mota jefi-jefi, kana leƙa rami mai zurfi a gefenka.

Kwaltar ƙananan hanyoyin Luberon ta fi ta sauran biyun lafiya, taya mai milimita 28 ta wadatar, keke ba ya shan wuya. Abin lura kawai shi ne lokacin zafi sukan zuba ƙananan tsakuwa a kan sabuwar kwalta, in ka ga alamar *gravillons* ka rage gudu, musamman a kwana. Dokar Faransa ta ce direba ya bar mita ɗaya da rabi tsakaninsa da mai keke a wajen gari, kuma a zahiri direbobin karkara suna mutunta ta fiye da yadda na gani a Italiya. Ka sani kuma an haramta sa abin sauraro a kunne kana kan keke, tarar Yuro 135 ce.

Babban abokin gaba a nan iska ce, wadda suke kira *mistral*. Daga arewa take sauko wa kwarin kogin Rhône, busasshiya mai sanyi, ta share gajimare sarai kamar yadda iskar hunturu ke busar da komai, sai dai wannan ba ƙura, ƙarfi ne da ita. Tana iya yin kwana uku a jere. A kwari tana gajiyar da mutum ne kawai, amma a saman Ventoux tana iya kayar da mai keke, ranar da take kaɗawa a haƙura da dutsen. Sai cunkoso: daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli furen *lavande* mai ruwan shuɗi-shuɗi yana buɗewa, kowa yana son hoto a gaban gidan ibadar Sénanque da aka kafa a 1148, siririyar hanyar da ke gangarawa can daga Gordes ta cika da motoci. In lokacin za ka je, ka fita da sassafe bayan asuba, ƙarfe goma ka riga ka wuce.

Gordes, Ménerbes da Lourmarin wuraren masu hannu da shuni ne, farashin ɗaki a can sai ka riƙe baki. Apt da Cavaillon garuruwa ne na ma'aikata da manoma, masauki da abinci suna da dama-dama, kuma akwai Musulmi 'yan asalin Maroko da Aljeriya masu yawa, saboda haka nama na halal da masallaci ba abin nema ba ne. Wannan babban sauƙi ne ga wanda zai yi mako yana ƙona ƙarfi. Kasuwar Asabar ta Apt ta isa ka cika jaka da burodi, cuku, zaitun da 'ya'yan itace. Masaukai masu tambarin *Accueil Vélo* suna da wurin kulle keke da kayan gyara. Matsala ɗaya: jirgin ƙasa yana zuwa Avignon da Cavaillon da Manosque amma ba ya zuwa Apt, don haka a tsakiyar kwarin babu jirgin da zai kwashe ka in ka gaza. Kuma shagunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana, da yawa ba sa buɗewa Litinin. Na taɓa isa wani ƙauye ƙarfe biyu da rabi da yunwa, ko burodi ban samu ba sai da na ƙara kilomita goma sha wani abu.

Cotswolds

Wannan yanki ne na tuddan farar ƙasa a yammacin Oxford, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, an ba shi kariya ta musamman tun 1966. Arzikinsa na da daga ulun tumaki ya fito, shi ya sa za ka ga ƙaramin gari irin Northleach ko Chipping Campden da majami'a kamar ta babban birni, 'yan kasuwar ulu ne suka gina. Jerin gidajen Arlington Row a Bibury an gina shi a 1380 a matsayin rumbun ulu, daga baya ya zama gidajen masaƙa. Komai da dutse mai ruwan zuma aka yi shi, gida da katanga da gada.

Wuri mafi tsayi a yankin, Cleeve Hill, mita 330 ne kacal, sai mutum ya ce ai wannan wasa ne. Kada ka yarda. Ƙauyukan nan, saɓanin na Toskana, a cikin kwari suke bakin rafi, saboda ruwa ake bukata don wanke ulu da juya injinan niƙa. Kana gangarowa cikin ƙauye, ka tsallaka gada, sai hayi gajere mai tsini, kashi 12 ko 15, rabin kilomita ko ɗaya, ka hau ka sake gangarawa, haka ake yi sau ashirin a wuni. Ba ya barin mutum ya samu kiɗan ƙafa. Gefen yamma, wajen Broadway, Winchcombe da Stroud, ya fi tsini. Gefen gabas da kudu, ta kwarin Windrush zuwa Burford ko kwarin Coln, ya fi sauƙi.

Hanyoyin sirara ne, da yawa mota ɗaya kawai suke ɗauka, shinge ko katanga dama da hagu, ba ka ganin abin da ke tahowa. Shiru kam akwai, in dai ka kauce wa manyan tituna irin A429 da ke bin tsohuwar hanyar Rumawa ta Fosse Way. Amma ramuka sun yi yawa, ga laka daga taraktoci, ga tsakuwa a tsakiyar hanya. Ruwa yana iya sauka kowane wata, kuma ruwa da yashi suna cinye robar birki cikin 'yan kwanaki. Daga Satumba manoma suna aske shinge, ƙaya ta watsu a kwalta, sai faci. Ka tafi da tib biyu da famfo, don babu mai faci a gindin bishiya kamar a gida. Inda rafi ya ratsa hanya kuma ka sauka ka bi ta gadar ƙafa, ƙasan yana da gansakuka mai santsi.

Abu biyu ne za su iya kayar da baƙo. Ana tuƙi ta hannun hagu, alhali Najeriya ta koma dama tun 1972, Gana a 1974, Nijar kuwa dama can dama take bi. A hanyar da babu mota gabanka da za ka kwaikwaya, musamman bayan ka tsaya ka huta, jiki yana komawa dama da kansa. Na biyu, kekunan Ingila birkin gaba yana hannun dama, na Italiya da Faransa galibi yana hagu. Wanda ya saba da ɗaya ya damƙe ɗayan a gangara, ta kan keke zai wuntsila.

Sauƙinta shi ne harshe da kusanci. Turanci ake yi, kuma daga tashar Paddington ta Landan zuwa Moreton-in-Marsh ko Kingham kusan awa ɗaya da rabi ne, sai dai a kama wa keke wuri tun kafin ranar. Masauki a Bourton-on-the-Water, Burford ko Broadway yana da tsada, tikitin jirgi ma haka in ba a saya da wuri ba. Cirencester da Stroud sun fi rangwame. A ƙauyuka yawanci gidan giya ne kaɗai ke sayar da abinci mai zafi, wanda bai son shiga sai ya dogara da shagunan shayi, su kuma suna rufewa wajen biyar. Ko kifi za ka ci ka tambaya, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar suya. Masallatai suna garuruwan gefe: Gloucester, Cheltenham, Oxford da Banbury. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, wuni mai tsawo ga mai keke, amma tsakanin isha da asuba barcin kaɗan ne.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Toskana | Luberon | Cotswolds |
|---|---|---|---|
| Biza | Shengen | Shengen | Ta Birtaniya |
| Hannun tuƙi | Dama | Dama | Hagu |
| Siffar hayi | Dogo, matsakaicin tsini, babu fili | Kai ke zaɓa, daga fili zuwa Ventoux | Gajere, mai tsini, a kai a kai |
| Hanya | Kwalta da farin burji | Kwalta lafiyayya | Siririya, ramuka da laka |
| Faɗin taya | Milimita 30 zuwa 32 | Milimita 28 | Milimita 30 zuwa 32 |
| Abin da ke saurin ci | Sarƙa | Babu sosai | Birki da tib |
| Jirgin ƙasa na ceto | Akwai, mai araha | A gefe kawai | Akwai, mai tsada |
| Babban haɗari | Zafi, direbobi, karnuka | Iska, cunkoson Yuli | Makauniyar kwana, ruwa |
| Abincin halal | Sai an nema | Da sauƙi a Apt da Cavaillon | A garuruwan gefe |
| Lokaci mafi kyau | Mayu, Yuni, Satumba, Oktoba | Mayu, Yuni, Satumba | Mayu zuwa Agusta |

Game da haya, a Italiya da Faransa ka ware kamar Yuro 40 zuwa 60 a rana don keken tsere mai kyau, in na mako ne ana ragi. Shagunan haya sun yi yawa a Chianti da kewayen Ventoux, a Cotswolds kuwa an fi samun kekunan yawo da na lantarki fiye da na tsere. Keken lantarki ya fi tsada kaɗan, injinsa yana daina taimako in ka kai kilomita 25 a awa bisa dokar ƙasashen uku, kuma jirgin sama ba ya ɗaukar babban batirinsa, saboda haka a can za ka haya.

Wa ya dace da ina

Wanda bai taɓa yin kwanaki a kan keke cikin tuddai ba, ko zai tafi da iyali ko abokin da bai kai shi ƙarfi ba, ya nufi Luberon, ya sauka a Apt, ya riƙa fita yana dawowa masauki ɗaya. Haka wanda maganar nama da Juma'a ta fi damunsa.

Wanda ya riga ya saba da kilomita 70 ko 80 a wuni, yana son tarihi ya cika masa ido, kuma ba ya tsoron burji, Toskana ce tasa, ba ta da na biyu a cikin ukun. Ya fara daga Siena ya yi kudu, ya bar Yuli da Agusta. Mai ƙaramin ƙarfi da ya nace sai Toskana ya hayi keken lantarki, ba abin kunya ba ne, da yawa daga waɗanda za su wuce shi a hayin Montalcino shi suke hawa.

Cotswolds ta wanda ya riga yana zaune a Ingila ce, ko mai kwana biyu ko uku kacal, ko wanda rashin jin harshe ke tayar masa da hankali. Ban ga dalilin da mutum zai nemi bizar Birtaniya musamman saboda ita ba in yana da ta Shengen a hannu. Amma ɗalibin da ke Birmingham ko Landan, ranar Asabar ɗaya ta ishe shi ya sauka a Kingham da safe, ya bi kwarin Windrush, ya koma gida ya yi isha.

Ƙanen nawa dai Luberon ya zaɓa, a watan Satumba. Na ce masa kafin ya biya kuɗin haya ya tambayi mai shago abu uku: ko babbar giyar baya ta kai haƙora 32 ko 34, wane hannu ne birkin gaba, da lambar da zai kira in sarƙa ta tsinke masa a bayan Saignon ranar Litinin.